Karan da Na Karya a Dumega

Ku da kuke dariya don kun ga karan gero cikin akwatin kayan aikina, ku yi ta yi, haƙoranku ne. Na ji ɗayanku yana cewa aikin kwantabul, mai lissafin dukiya, ai danna na'ura ne, ta haɗa, ta raba, mutum ya sa hannu ya karɓi kuɗinshi. To madalla! Haɗawa da rabawa ko a zamaninmu ba su ne aikin ba, ɗan lakkwal ma yana yin su. Aikin shi ne ka shiga tsakanin mutum biyu da ciniki ya ɓata, kowa yana ganin an cuce shi, ka gaya musu abin da idonka ya gani, sannan ka miƙa hannu su biya ka ladan ɓacin ran da ka sa musu. Wa zai biya, kuma kashi nawa zai ɗauka, nan ne ake sanin kwantabul. Da kara irin wanga nake raba wannan gardamar.

Ni Nomau ɗan Gesheme ne. Ina tsaron tsuntsu a gona anka kama ni anka kai lakkwal, makarantar boko. Da na fito, anka sa ni ƙarƙashin wani mutumin Dahome, Mushe Feliks, mai riƙe da lissafin wani kamfanin sayen gyaɗa a Dogon Dutsi. Shekarar farko bai bar ni na taɓa alƙalami ba. Sai ya aza ni gaban tanon kananzir, wato gangar mai, ya ce in ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa in gaya mishi inda man ya tsaya. In na faɗa, ya zura sanda ya fiddo, ya nuna mini ƙaryata. Ya koya mini soka buhu da ƙarfe mai rami, don abin da ke tsakiya ba kullum ne ɗan'uwan na baki ba. Ya koya mini shinshina turmin atamfa. Ya koya mini in gwada sikeli da dutsen awona kafin in yarda da shi, ko da sikelin liman ne. Yakan ce da Hausarshi mai karkacewa, "Nomau, takarda ba ta da hanci. Kai ne hancinta."

Da anka samu 'yancin kai, Turawan kamfani sunka fara tattara nasu ya nasu, suna sayar da kantunan ƙauye ga 'yan kasuwarmu. Su ma 'yan kasuwar sunka shiga saye da sayarwa tsakaninsu. Yadda ake yi, a yanka kuɗin ɗaki da sikeli a sha hannu, amma kayan ciki a ce sai abin da anka iske ranar miƙa makulli. To, nan ake yin ta! Mai sayarwa yana ganin kowane kwalin ashana da kuɗin da ya saye shi, mai saye yana ganin tsummoki. In sun gaji da rantse-rantse, sai mai gari ko alƙali ya ce a nemo na waje, wanda ba ya da ko allura cikin kantin. Mushe Feliks ya fara wanga aiki a Arewa, ina riƙe mishi igiyar awo. Da anka sallami mutanen Dahome sunka koma gida, ya bar mini akwatinshi da ka'idoji biyu.

Ta farko, tun ran gini ran zane. Kada ka kwance bakin buhu ko guda sai an zauna gaban shaidu an yanke yadda za a biya ka. Hanya uku ce. Ko a raba daidai, ko wanda ya faɗi ya ɗauka duka, ko kara. Ga yadda karan yake: mai saye ya faɗi abin da yake ganin kayan sun kai, ka ce wanga bakin karan nashi ne. Mai sayarwa ya faɗi nashi, ka ce wancan bakin nashi ne. Tsawon karan shi ne gardamarsu. In ka gama ƙirga, ka auna inda gaskiya ta faɗa tsakanin bakin nan biyu, ka karya a nan, kowa ya ɗauki guntun da ke wajenshi. Wanda ya yi nisa da gaskiya guntunshi zai yi tsawo, shi zai biya mafi yawa. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba yana ganin hukuncinshi a tafin hannu. Kuma tsoron dogon kara kan sa mutum ya rage cika baki tun kafin a fara.

Ta biyu ta fi wuya. Daga ranar da ka karɓi aiki har ranar da anka gama biyanka, ba ka ci ba ka sha a gidan ko ɗaya cikinsu. Ko ruwa. Mushe Feliks yakan ce in baki ya ci, ido ne ke jin kunya. Ku da kunka tashi a Arewa kun san abin da ake nufi in an miƙo wa mutum ƙwaryar fura ya kau da kai. Zagi ne, ba ragi. Ni kuwa haka na yi ta yawo daga Kieshe har Tibiri da gorata da ƙuli-ƙulina cikin burgami. Tun ana jin haushi har anka saba. Daga baya ma sai 'yan kasuwar Dutsi sunka daina kirana suna ko walima, don kowa ya san wata rana yana iya zama gefen karana, ba ya son a ce ya riga ya cika mini ciki. In na wuce majalisa a gaishe ni da girma, a jira in wuce a ci gaba da hira. Ɗakina yana bayan kasuwa, nan nake cin tuwon saye ni kaɗai ina kallon bango.

Gida ɗaya ya rage mini a duk ƙasar nan inda nake sa hannu cikin akushi da wani, gidan Arzika a Dumega. Tare munka yi tsaron tsuntsun nan a Gesheme. Ranar da anka zo kamun 'yan lakkwal shi ya shige rumbu, ni anka samu a fili, kuma har munka yi gemu bai bar yi mini dariyar wannan ba. Ya koma Dumega ya kafa kanti: atamfa, gishirin Foga, sabulu, kananzir. Duk sa'ad da aiki ya kai ni kudu sai na ratsa. Ba sallama mai tsawo, ba shimfiɗar baƙo. Matarshi Tasalla ta turo akushi guda, mu zauna a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, yana jan naman da ke gabana yana cewa, "Ci da sauri, ɗan lakkwal, nan ba a rubuta rabo." In na baro gidan, nakan yi wata guda ina jin daɗin wannan tuwon.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Arzika ya riga ya cika kanti da atamfa tun bazara, yana jiran bukukuwan kaka. Kaka ta zo ba biki, ba mai sayen ko kallabi. Wanda ya ba shi kayan a Dutsi ya matsa, dole ya sa kantin a kasuwa. Wani Alhaji Bawa, ɗan kasuwar Dutsi, ya saya. Sun shirya kan ɗaki da sikeli, kan kaya kuwa sunka yi baran-baran. Mai garin Dumega ya aiko a kira ni.

Na ce ba ni zuwa, kowa ya san tsakanina da Arzika. Anka sake aikowa. In ba ni ba sai a ɗauko wani daga Yamai, kuɗin motarshi da masaukinshi kaɗai sun isa su cinye abin da ake gardama a kai. Alhaji Bawa ya tako har ɗakina ya ce, "Malam Nomau, na san abokinka ne. Na yarda. Wanda bai sha furar kowa ba, ban ga abin da zai sa ya sha tawa gaskiyar ba." Arzika kuma saƙonshi gajere ne: in ba kai ba, wa?

Na isa Dumega da hantsi cikin motar kasuwa. Ina sauka Tasalla ta hango ni, ta fito da ƙwarya da ludayi a kai, fura tana ƙamshin nono sabon tatsa. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya, Malam Nomau." Na amsa gaisuwa, hannuwana suna bayana. Ta daɗe a durƙushe. Arzika ne ya yi dariya ya ce, "Maida ta, yau ba Nomau ne ya zo ba, kwantabul ne. In ya tafi, Nomau ya zo ya sha." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Anka zauna gindin gawo ƙofar mai gari. Kafin nan na leƙa kantin don a buɗe a rufe gabana, kuma tun daga bakin ƙofa hancina ya ji abin da ba na so, warin ƙasa mai laima a ɗakin da ya kamata ya yi warin sabon yadi. Na koma gindin gawo. Na jera musu hanyoyi uku. Alhaji Bawa ya gyara babbar riga ya ce, "A bar wahala, ni na ɗauki kuɗin kwantabul duka."

Na ce, "A'a, Alhaji. In kai ka biya ni duka tun ba a fara ba, na zama yaronka. Duk abin da na faɗa, za a ce kuɗinka ne ke magana."

Mai gari ya ce, "To a raba daidai, kowa ya huta."

Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, don mi zan biya rabin gardamar da ba ni na ja ta ba? Kayana na san su kamar 'ya'yana. A kawo kara."

Na dube shi. Da a gaban akushi muke, da na taka mishi ƙafa. Amma nan ko ƙifta ido na yi, na ci amanar ɗaya gefen. Abin da kawai na iya, na sake jera hanyoyin a hankali, abin da ban saba yi ba, na tsaya kan raba daidai na ja numfashi. Bai ji ba. Ya tashi da kanshi ya zaro kara daga darnin mai gari ya miƙo mini. Kowannensu ya faɗi kuɗinshi gaban jama'a, na ɗaura jan zare a bakin Arzika, baƙi a bakin Alhaji, na damƙa wa mai gari ajiya.

Kwanakin da na yi ina aikin, a wata rumfar kasuwa da ba kowa na sauka. Da safe in fiddo kaya a rana ɗaya bayan ɗaya, su biyun suna zaune suna kallo. Gishiri lafiya lau, har ya fi yadda Alhaji ya yi mishi kuɗi, na rubuta wa Arzika. Sabulu ma haka. Na ƙwanƙwasa tanon kananzir, ya amsa mini da muryar wofi tun daga sama har kusan gindi. Munka mirgina shi, ga rairayi ya yi baƙi a ƙasa, ya daɗe yana tsiyaya ta wata 'yar tsatsa. Sannan na zo kan atamfa. An jera turamen jikin bangon ƙasa, daga waje sumul, ko ƙura babu, don kullum Arzika yana kakkaɓe su. Na ɗauko na can ƙasa na warware. Gara ta shiga ta bayan bango ta bi tsakiyar ninki, ta ci ta yi hanyoyi. Ina ɗaga shi rana tana ratsowa ta ramuka. Na biyu haka, na uku haka. Kaɗan ne na sama sunka tsira.

Wallahi Arzika bai sani ba. Na ga fuskarshi, ba fuskar mai ɓoyo ba ce. Ya karɓi turmi guda ya shafa, ya ce, "Inna lillahi," ya aje shi a hankali. Saura bashin da manoma sunka ci na sai kaka, wanda ya lissafa cikin dukiyar kanti. Wannan ba a zaune ake yi mishi kuɗi ba, sai ka taka ka ga rumbun mai bashi. Na zaga ƙauyukan da ƙafa, na leƙa rumbuna, mafi yawa ban ga komai ba sai kashin ɓera. In na dawo da magariba, hanyar rumfata ta bayan gidan Arzika take bi, ƙamshin miyar kukar Tasalla yana tsallako darni. In je in jiƙa ƙuli-ƙuli da ruwan gora. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan kwanaki ba.

Ranar yanke magana anka koma gindin gawo. Na faɗi kowane kaya da abin da ya kai, da dalili, ba wanda ya musa. Mai gari ya miƙo karan. Na shimfiɗa igiyar awo, na auna, na sake aunawa, ko Allah zai sa in ga kuskure. Babu. Na sa babban yatsa na karya. Guntun Alhaji bai kai tsawon tafin hannu ba. Na Arzika ya kusa kamu biyu. Na ba kowa nashi.

Alhaji Bawa ba mugun mutum ba ne, amma bakinshi ya fi hankalinshi sauri. Ya juya ɗan guntunshi ya ce da ƙarfi, "Haba, bawan Allah ya sha asara. A haɗa nashi da nawa, na biya mishi sadaka."

Arzika ya miƙe tsaye. Ya ce, "Alhaji, kanti na sayar maka, ban sayar maka da kaina ba. Ni na ce a kawo kara. Abin da kara ya ce, zan biya." Duk maganar nan da yake yi wa Alhaji, ni yake kallo. An ce zomo ba ya fushi da makashinshi sai da maratayinshi. Gara ta ci kayan, fari ya ci bashin, Alhaji ya samu kantin, amma hannuna ne anka gani yana karya kara.

Kuɗin kwantabul ba duka ke shiga aljihunshi ba, akwai motar zuwa da komawa, akwai tambarin gwamnati da ake mannawa, akwai na shaidu. Amma akwai ladana a ciki, kuma wannan nawa ne. Da jama'a ta watse na bi shi har bakin rijiya na ce, "Arzika, abin da ya hau kanka na ladana, bar shi. Ba wanda zai ji."

Ya ce, "Ka karya kara gaban mutane, ka zo ka ɗinke shi a ɓoye? In Alhaji ya ji, ya ce dama can kai nawa ne, a sake sabon lissafi. In bai ji ba, ni na ji. Malam Nomau, kar ka ƙara mini wata kunyar."

Tunda uwayenmu sunka haife mu bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan. Kuma gaskiya ya faɗa, ni ma na san ka'idar, yafe wa gefe ɗaya da cin tuwonshi duk ɗaya ne. Washegari ya kawo kuɗin cif gaban mai gari. Daga baya na ji jakinshi ya sayar, wanda yake shirin fara fataucin gishiri da shi.

Kuna tambaya ko na yi nadama. Ta me? Awo daidai ne, ko yau anka kawo karan nan biyu anka haɗa, wurin zan karya. Abin da nake so ku gane, kuɗin da ake biyan na waje ba kamar kuɗin tela ba ne ko na maƙeri. Wanda ya biya tela yana tafiya da riga. Wanda ya biya ka, sau da yawa yana tafiya ne da labarin asararshi, kuma duk sa'ad da ya gan ka sai ya tuna.

Na bari anka kwana biyu, har damina ta sake zagayowa gero ya yi kyau. Na ce yanzu kwantabul ya tafi, bari Nomau ya je ya sha furarshi, ai shi ya faɗa da bakinshi. Na sayi goro da kan sukari na shiga mota. Na iske shi ƙofar gida yana gyaran kalmen noma. Ya tashi da sauri, ya karɓe ni hannu biyu, ya yi ta jero gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen Dutsi, ina aiki. Ya kai ni zaure ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ɗora buzu a kai. Ina zaune na ji kukan kaza a cikin gida. Nan na gane yankan baƙo ake yi mini.

Anka jima ya shigo da kanshi ɗauke da kwanon sha mai murfi, da tuwo cikin langa sabuwa, da kazar nan guda cikin mai. Ya jera su gabana, ya aje ruwan wanke hannu. Na matsa gefe, na bar mishi wuri kan tabarma inda gwiwarshi ta saba zama. Na ce, "Bisimilla mana, Arzika."

Ya ce, "A'a, ci abinka, Malam. Baƙo ba ya sakewa in ana kallonshi." Ya fita ya saki asabari.

Ta bayan darni ina jin shi da ƙanenshi sun zauna kan tsohon akushin nan, ana jan nama ana dariya. Na ci abin da na iya, don barin shi ma zagi ne. Ban daina zuwa Dumega ba, ina cewa wata rana zai manta ya turo akushi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa tada maganar kanti ba. Har Allah ya karɓi ranshi, ban taɓa sauka gidan Arzika bai yanka mini kaza ba.